'Yar Fari da Teburan Gidan Abhur

A wani lungu na unguwar Ruwais, inda iskar teku ke shigowa da gishirinta tana cin ƙofofin ƙarfe, nan Mu'allim Jaji yake da ɗan shagonsa, manne da gidan da yake haya. Duk wanda ke da tsohon katako a Jidda, kuma ya san darajarsa, to ya san hanyar lungun nan.

Jaji Bakano ne. Aikin hajji ya kawo shi yana saurayi, da aka watse sai ya zauna, ya kama aiki wajen wani tsohon Bamisire mai gogen kayan katako. A hannun tsohon ya koyi yadda ake narka jamalakka, wani ƙaro mai ruwan zuma, a cikin sibirto, a jiƙa ƙullin auduga da shi, a riƙa bin fuskar katako ana zagayawa, shafi bisa shafi, har sai mutum ya leƙa ya ga gemunsa a ciki. Babu burushi, babu injin feshi. Hannu ne kawai, kuma hannun ba ya tsayawa. In ya tsaya ko na ƙiftawar ido ne, ƙullin zai manne ya bar tabo.

Cikin duk abin da ake kawo masa, 'yan tebura ya fi so, irin waɗanda ake ajiyewa gefen kujera don kofin gahawa ko fitila. Tsofaffin attajiran Jidda ne suka shigo da su ta jirgin ruwa daga Alƙahira da Bairut da Faris, tun zamanin kakanni. Akwai mai da'ira, wanda aka jera siraran katako a fuskarsa kamar rana tana fitowa. Akwai mai ƙafafun farin ƙarfe da baƙin gilashi a sama. Akwai kuma 'yan uku masu shiga cikin juna, babba ya rufe na tsakiya, na tsakiya ya rufe ƙarami. Da yayin kujeru masu ruwan zinare ya zo, sai aka tura su ɗakunan ajiya, wasu ma aka zubar a bola. Yanzu jikoki sun waiwayo suna neman su ido rufe, suna ce musu Ar Deko. Jaji yakan yi dariya ya ce shi tun ba su da suna yake girmama su.

Abin da masu kawo aiki ba su sani ba shi ne hannun Mu'allim ya daɗe da fara rawa. Da fari kaɗan ne, in ya gaji. Daga baya ya kai ga ba ya kai cokali baki sai ya zubar da rabi. Likita ya ba shi magani, ya ce a yi haƙuri, shekaru ne. In baƙo ya shigo shago, sai Jaji ya zura hannuwa cikin aljihun jallabiya, ko ya goya su a baya kamar mai duba aiki. Aikin kuwa, mai yin sa tana can ciki bayan labule.

Surayya ce, 'yarsa ta fari. A Jidda aka haife ta, Hausarta ma rabi Larabci ce. Tun tana 'yar mitsitsiya take zama gindin bencin ubanta tana kallo, ba ta da yawan magana, sai ido. Da hannunsa ya gaza, nata ya karɓa, ba tare da an zauna an yi shawara ba. Kuma Jaji ya sani, sanin da bai taɓa gaya wa kowa ba, cewa yarinyar ta wuce shi. Yakan tsaya a bayanta yana kallon yadda ƙullin ke yawo a hannunta kamar ba ya taɓa katakon, ƙirjinsa ya cika har ya rasa inda zai sa kansa, sai ya yi gyaran murya ya ce, “Ke, kin bar ƙofa a buɗe, ƙura na shigowa.”

Iyakar yabon ke nan. 'Yar fari ce, shi kuma a gidan da ake kunyar ɗan fari ya tashi. Bai taɓa kiran sunanta ba. “Ke” ce, ko “waccan”, ko “yarinyar nan”. Ba ya yabonta gaban mutane, in ma wani ya yabe ta sai ya kushe, kamar yadda ya ga ubansa yana yi wa babban wansu har ya koma ga Allah. Ƙannenta kuwa, Isma'il da Sajida, sunansu yake ƙwalawa har maƙwabta su ji. Duk Bahaushen lungun ya san ma'anar abin. In suka ji Jaji na kushe Surayya, murmushi suke yi.

Wata rana da hantsi farar mota ta tsaya a bakin lungu, Ustaza Mashael ta fito. 'Yar ƙasa ce, jikar wani tsohon attajiri, tana shirin buɗe zauren baje tsofaffin kayan ɗaki. Ta kawo wa Jaji tebur ɗaya tun kwanakin baya don ta gwada shi, mai da'irar nan mai fitowar rana. Ya zo musu baƙi ƙirin, ya sha datti da zoben kofuna. Ran nan ta zo ɗauka.

Da Jaji ya sa ƙafa ya jawo zanen da aka rufe shi, Mashael ta matso kusa. Ta cire tabarau, ta tsuguna, ta bi siraran katakon da yatsa ɗaya bayan ɗaya, mai haske da mai duhu, duk sun taso kamar yau aka jera su.

“Masha Allah, Ammu Jaji,” in ji ta da Larabci, wato Baffa Jaji. “A kan wannan kakata take ajiye gahawarta. Wallahi na ɗauka kalar nan ta mutu tare da ita.”

“Ba ta mutu ba, Ustaza. Barci take yi ƙarƙashin datti.”

Sai ga Surayya ta fito da tiren shayi, kai a ƙasa. Mashael ta karɓi kofi, idonta ya sauka kan yatsun yarinyar, waɗanda jamalakka ta rine su ja kamar tsohon lalle.

“'Yarka ce? Ita ma tana aikin?”

Daɗi ya daki zuciyar Jaji kamar an buga ganga. Amma bakinsa ya riga shi, ya yi abin da ya saba.

“Wannan? Ina! Ba ta iya komai ba. Ɓata mini kaya kawai take yi in na juya baya.”

Da a gaban Bahaushe ya faɗa, da an yi dariya an ce Allah ya raya. Amma da Larabci ya faɗa, ga mutumiyar da ba ta taɓa jin ana kunyar ɗa ba. Fuskar Mashael ta canza. Ta dubi teburin, ta dubi yatsun Surayya, ta ɗan jawo teburin kusa da ita.

“Ammu, akwai sauran 'yan'uwansa a gidan kakana a Abhur, can bakin teku. Duk kai nake so ka yi. Amma su kaɗai suka rage mini na kakata, don haka da sharaɗi. Hannunka kawai. Kada yarinyar ta taɓa su.” Ta juya ga Surayya da murmushin lallashi. “Ki yi haƙuri, habibti, ba don komai ba.”

Jaji ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. “Insha Allah,” ya ce.

“A'a, ba insha Allah irin ta Jidda ba, wadda ake yi wa mai gyaran famfo. Alkawari nake so.”

Ya dubi ƙasa. In ya janye maganarsa, sai ya yabi 'yar fari a gabanta. In ya ce ba zai iya ba, sai ya fito da hannuwansa daga aljihu. Ya rasa ta yi.

“Alkawari,” ya ce.

Surayya ta ajiye tiren a hankali, ko ƙarar kofi ba a ji ba, ta koma bayan labule.

Husaini ne ya kawo teburan a motarsa ta ɗaukar kaya. Mutumin Damagaram ne, tsohon abokin Jaji, kuma ba ya haɗuwa da Bakano bai tsokane shi ba. Yana sauke kaya yana surutu.

“To, Mu'allim, ga amarenka sun iso. Dubi wannan, ƙafa kamar ta zalɓe. Wannan kuma sai ka ce ƙodar saniya aka ɗora kan tsinke. Masu kuɗi dai ba sa rasa abin so. Ina ɗiyar tawa? Surayya! Zo ki ga aikinki.”

Surayya ba ta fito ba. Da Jaji ya gaya masa abin da ya faru, Husaini ya dafe kai ya yi ta dariya har da hawaye.

“Kai Kanawa! Ku da kuke tallar ruɓaɓɓen tumatir ku ce daga Aljanna aka tsinko, yau ga zinare a gidanka ka ce gwangwani ne. Ka buga mata waya mana. Ka ce, Ustaza, ɗiyata gwana ce, ita ta yi. Kalma nawa ce?”

“Bakina ba zai iya ba.”

“To ara nawa.”

“Ba kai ka yi alkawarin ba.”

Bayan tafiyar Husaini, Jaji ya zauna gaban teburan yana kallonsu. Masu kyau ne, har sun fi na farko. Ga 'yan ukun nan masu shiga cikin juna, da bakin baƙin katako zagaye da kowanne. Ga mai siffar ƙoda da Husaini ya yi wa ba'a, siraran ƙafafunsa a baje, da hular tagulla a ƙarshen kowace ƙafa. Ga wani mai hawa biyu da ginshiƙi lanƙwasasshe. Irin aikin da mai gogen katako yake jira shekara da shekaru. In ya mayar da su, ya san inda za su: shagon Othman da ke unguwar Safa, inda za a bi su da injin feshi su fito suna ƙyalli kamar bokitin roba. Kuma labari zai bazu cewa Jaji ya mayar da aiki, daga nan shagon ya mutu, yarinyar ta rasa benci.

Zubaidatu, matarsa, ta kawo masa abinci ta same shi a haka.

“Malam, ni ban ga abin damuwa ba. Ka bar ta ta yi mana. Wa zai sani? Katako ba ya magana.”

“Allah zai sani. Amana ce.”

“To da can ba ita ke yi ba?”

“Da can ba wanda ya tambaye ni. Yanzu an tambaya, na kuma ɗauka.”

Zubaidatu ta taɓe baki. “Ka dai ja mana. Tun jiya ba ta ci abin kirki ba. Ta wanke yatsunta da sibirto har sun yi fari, wai ta daina.”

Washegari bayan ya karya, Jaji ya yi bisimilla ya jawo ƙaramin cikin 'yan ukun. Ya ce a ransa ai hannu ba ya mantuwa. Ya wanke tsohon dattin, wannan bai gagare shi ba. Ya ƙulla auduga, ya jiƙa, ya ɗora. Zagaye na farko ya tafi daidai, har ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa irin na da. Ana cikin haka sai rawar ta taso daga gwiwar hannu. Ya cije leɓe ya danne. Ƙullin ya yi tsalle, ya tsaya, ya manne. Da ya fizge shi, sai ga tabo a tsakiyar teburin, fari-fari, da zaren auduga a maƙale. Ya sake jiƙawa don ya gyara, tabon ya ƙara faɗi kamar tafin hannu.

Ya zauna kan benci, gumi na bin gemunsa.

“Baba.”

Surayya ce a bakin labule. Bai san tun yaushe take tsaye ba.

“Baba, bari in ɗaga shi tun bai bushe ba.”

“An yi alkawari.”

Ta murza gefen mayafinta. Ba ta saba doguwar magana da shi ba. Da ta sake buɗe baki, sai Hausa da Larabci suka riƙa karo da juna.

“Baba, da gaske ban iya ba?”

Jaji ya dubi bango.

“Na san al'ada ce, Umma ta gaya mini tun ina ƙarama. Amma ita Ustaza ba ta sani ba. Ni ma, wallahi, wani lokacin ba na sani.”

Ta saki labulen ta tafi. Maganar ta zauna masa a ƙirji kamar dutse. Shi duk shekarun nan ya ɗauka tana jin abin da ba ya faɗa, kamar yadda babban wansu ya ji na ubansu. Ya manta a Ruwais ta tashi, tsakanin 'ya'yan Larabawa waɗanda iyayensu ke ɗaukar sunan ɗan fari su maƙala a nasu, a riƙa kiransu da shi a masallaci da kasuwa.

Jaji ya tashi ya kira Husaini a waya.

“Kawo motar. Abhur za mu.”

“Mayarwa za ka yi?”

“Ɗaya kawai za mu ɗauka.” Ya juya wajen labule ya ɗaga murya. “Ke! Sa abayarki, za ki raka ni.”

Hanyar Abhur doguwa ce, Husaini ya yi ta ƙoƙarin jan hira, ba wanda ya tanka. Jaji na gaba, Surayya na kujerar baya rungume da ɗan teburin a cikin bargo. Suka wuce dogayen gidaje, suka shiga layin manyan katangu masu furanni, teku na leƙowa ta tsakaninsu.

Mashael ta karɓe su a wani faffaɗan falo mai tagogi har ƙasa. Ga teburin rana can gefen taga, an ɗora masa fitila. Husaini ya tsaya daga bakin ƙofa. Jaji ya yi wa Surayya nuni da haɓa, ta ajiye ɗan teburin ta yaye bargon.

Mashael ta ga tabon. Ta dafe ƙirji, ta juya kan Surayya da ido jajur.

“Ammu! Ba na ce kada ta taɓa ba?”

“Ba ta taɓa ba, Ustaza. Wannan aikina ne.”

“Aikinka? Kai da ka yi wancan?”

Daidai nan mai aikin gidan ta shigo da gahawa, ta zuba a ɗan finjali ta miƙa masa. Da a da ne, da ya ce na gode, likita ya hana. Yau sai ya zaro hannun dama daga aljihu ya karɓa. Finjalin ya kama rawa, gahawa ta fantsama kan yatsunsa, ta zubo kan farar jallabiya. Bai ɓoye ba. Ya mayar da finjalin, ya zaro ɗayan hannun, ya miƙa su duka biyu a gabanta suna karkarwa kamar ganye.

“Ga hannun da kika sa na yi alkawari da shi. Ya daɗe a haka. Ban karya alkawari ba, shi ya sa tebur ya lalace.”

Jaji ya ji nauyin idon kowa a kansa, har da na Husaini, wanda bai taɓa ganin abin a fili haka ba. Sunan da ya gina tun yana saurayi, yau ya ajiye shi kan dardumar mutane da hannunsa. Abin mamaki, sai ya ji kafaɗunsa sun yi sauƙi.

“To wa ya yi wancan?” Mashael ta nuna teburin rana.

Jaji ya buɗe baki. Sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Ya dubi teku ta taga.

“Tana bayana,” ya ce.

“Ita? Kai fa ka ce ba ta iya komai ba. Ka ce ɓata maka kaya take yi.”

Husaini ya motsa zai sa baki, sai aka ji wata 'yar murya ta riga shi.

“Ni ce ta fari a wurinsa, Ustaza.” Surayya ce, idonta a ƙasa, amma Larabcinta tsaf. “A wurinmu uba yana jin kunyar ɗansa na fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa gaban mutane. In aka yabe shi ma sai ya kushe.”

“Kunya? Ta ɗan da ya haifa?”

“Haka ake yi.”

“Yanzu duk rayuwarki bai taɓa kiran sunanki ba?”

“Bai taɓa ba.”

“Kuma ba kya fushi?”

Surayya ta ɗan ɗago. “Wannan karon na yi.”

Husaini ya fashe da dariya daga bakin ƙofa, ya yi sauri ya toshe baki. Mashael ba ta yi dariya ba. Ta zauna kan kujera tana kallon Jaji.

“Ammu, ka san abin da ka yi? Ka bar ni ina yi maka godiya kan aikin da ba kai ka yi ba. Sannan ka bar ni na wulaƙanta wadda ta yi aikin a cikin gidanta, da shayinta a hannuna. Yanzu kuma ga teburin kakata.”

“Haka ne,” in ji Jaji. “In kin ce a dawo miki da sauran, yau za su kwana a nan. Ba zan ce kin yi laifi ba.”

Mashael ta tashi ta je wajen teburin rana, ta daɗe tana shafa fuskarsa. Jaji na tsaye, gahawa na bushewa a ƙirjin rigarsa. Can ta juyo, ba wajensa ba.

“Ke za ki gaya mini. Wannan tabon, zai fita?”

Surayya ta tsuguna gaban ɗan teburin. Ta karkatar da kai ta kalle shi ta gefen haske, ta kai yatsa za ta taɓa, sai ta tsaya ta dubi Mashael.

“An ce kada in taɓa.”

“Halas, na warware. Taɓa.”

Ta bi bakin tabon da yatsa a hankali.

“Zai fita. A sama ya tsaya, bai ci katako ba. Baba ya koya mini yadda ake ɗaga irinsa.”

Mashael ta sauke numfashi. Sannan ta dubi Jaji, gefen bakinta ya fara motsi.

“To, Ammu, sabon sharaɗi. Hannunta kawai. Kai kada ka taɓa.”

“Wannan alkawarin,” in ji Jaji, “na ɗauke shi ba sai an roƙe ni ba.”

“Kuma in mutane suka zo zaurena suka tambayi wa ya yi, sunanta zan faɗa. Me ma sunan nata?” Ta kafe shi da ido da gangan.

Jaji ya shafa gemu da hannunsa mai rawa. “Ga ta nan, Ustaza. Tana da baki.”

“Surayya,” in ji yarinyar. Ta ɗan yi jim, ta ƙara, “Surayya Jaji.”

Jaji ya juya baya yana duba wani ƙusa a jikin taga da babu abin da ya same shi.

Mashael ta ja Surayya zuwa ɗakin ajiya, wai akwai wani tebur mai fuskar madubi da ta rasa yadda za ta yi da shi. Daga falo Jaji na jiyo muryoyinsu. Da fari ta Mashael ce kawai, can sai ya fara jin ta yarinyar tana amsawa, tana ma cewa a'a, wannan ba a wanke shi da ruwa. Bai taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka da baƙo ba.

“Mu'allim,” Husaini ya raɗa masa, “rufe bakinka, ƙuda zai shiga. Tun ɗazu kake murmushi kamar wanda aka ba takardar iƙama ta zaman ƙasa kyauta.”

“Rana ce ta dame ni.”

“Eh, ranar cikin falo. Yalla, mu je in kai ka gida ka canza riga, ka yi kama da jaririn da aka yi wa ɗura.”

A hanyar dawowa, da suka iso Safa, Jaji ya ce a tsaya shagon da yake sayen kayan gogen katako. Mai shagon wani mutumin ƙasar Yaman ne da suka san juna tun gashinsu na baƙi. Yana ganin Jaji ya miƙa hannu wajen buhun da ya saba auna masa.

“Irin na kullum, Mu'allim?”

“A'a. Fito da masu kyaun nan da kake ɓoyewa a sama.”

Mai shago ya ɗaga gira. Ya hau tsani ya sauko da gwangwanaye, ya buɗe su kan kanta. Jamalakka ce iri-iri, wata ja kamar dabino, wata ruwan zuma, wata fara-fara siririya kamar fiffiken fara.

“Wanne za ka ɗauka?”

“Ba ni zan zaɓa ba. Mu'allimar shagonmu tana cikin mota. Kai mata ta duba.”

Mutumin ya dube shi, ya dubi motar ta ƙofa. Ya ɗebi kaɗan daga kowane gwangwani a kan faranti, ya fita cikin rana ya tsaya gefen taga. Surayya ta sauke gilashi. Ta dubi farantin, ta hango ubanta tsaye a bakin shago, ta gane. Ta ɗauki ɓawo ɗaya ta ɗaga shi saitin rana, ta murza shi tsakanin yatsu, ta girgiza kai ta mayar. Ta ɗauki wani. Mai shago ya fara yi mata bayani yana rantse-rantse, ita kuwa ba ta ko kalle shi ba, ta ci gaba da dubawa.

Jaji ya jingina da ƙofar shagon, ya bar su. Bai ga dalilin sauri ba.